Kore a Tukunya, Kore a Kan Gado

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Bokkos ko ta Mangu lokacin haƙar dankali ya ji masu saye da sayarwa suna kiran dankalin Turawa "Arish". Mun saba da sunan nan har ba mai tambaya daga ina ya fito. Ni kaina na yi shekaru ina koya wa yara labarin ƙasa, ina nuna musu wani tsibiri yamma da Ingila a jikin taswira, ina ce musu, "Ga Ailan, ƙasar da dankalinmu ya ci sunanta." Ban taɓa sa rai zan taka ta da ƙafata ba. Sai ga shi a watan Maris na 2023 aka zaɓe mu, mu uku, malaman makarantun ekklesiya, mu je mu yi mako uku muna duba yadda ake koyarwa a can. Zancen makarantu sai wani jiƙon. Yau labarin wani gida zan ba ku, da abincin da na ci a cikinsa, da wani bargo da na tarar ana ɗinkawa.

Mun bar gida cikin zafin bazara, ciyawa ta bushe, an ƙone daji, ƙura ta rufe ko'ina. Muka sauya jirgi a Landan, muka nufi Belfas. Da jirgin ya fito daga cikin gajimare na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa kore shar, an yanka ta gona gona, kowace da shingenta, tumaki a ciki kamar an watsa auduga. Na taɓa abokin tafiyata na ce, "Malam, mutanen nan suna tsakiyar damina." Ashe haka ƙasar take shekara duka. Iskar teku tana kawo musu ruwa kowane wata, zafin da zai ƙone ciyawa babu shi, sanyin kuma bai cika kashe ta ba.

Tsibirin bai fi Jihar Neja girma da yawa ba, murabba'in kilomita wajen 84,000, mutanensa miliyan 7 da 'yan kai. Amma gwamnati biyu ke mulkinsa. Tun 1921 aka raba shi. Gundumomi 26 su ne Jamhuriyar Ailan a yau, babban birninsu Dablin, sauran 6 na arewa kuwa suna tare da Birtaniya. Mu a arewa muka sauka. Ku riƙe wannan, gama zai sake fitowa a cikin labarin, har a wajen ɗinki.

Da ranar 17 ga wata ta gabato, wato ranar tunawa da Patrick, aka ba mu hutun kwana uku, aka raba mu gida gida. Rabona ya faɗa gidan wata tsohuwa a bayan garin Downpatrick, mil 21 kudu da Belfas. Ina sauka daga mota sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, Malam! Ina gajiya? Yaya ka baro mutanen gida?" Na tsaya baki buɗe. Ashe tun tana budurwa ta yi shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a wani asibitin mishan a ƙasarmu, ana ce mata Sista. Hausarta irin ta dā ce, in za ta faɗi tsadar abu da sule take lissafi. Na rusuna na gaishe ta, tun daga ran nan Mama nake ce mata.

Matata ta haɗa mini tsaraba, yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ƙulle su a cikin wani tsohon koren zanenta da ya yage. Sai da na miƙa ƙunshin kunya ta kama ni, na ce a raina da mun nemi takarda mai kyau. Mama ta kwance, ta shinshina yajin, ta yi atishawa, ta yi dariya har da hawaye. Tsumman kuwa ta kakkaɓe shi, ta ninke, ta sa a aljihu. Na ɗauka za ta jefar da shi ne in na ba da baya.

Shi Patrick da ake wa wannan biki ba mutumin Ailan ba ne. A Birtaniya aka haife shi, lokacin da mulkin Rumawa ke ƙarewa a can. Mahaifinsa dikin ne, kakansa firist. Yana ɗan shekara goma sha shida 'yan harin bayi suka kama shi, suka ƙetare teku da shi, ya yi shekara shida yana kiwo a Ailan. Ya tsere, ya koma gida, daga baya ya komo da bishara wurin mutanen da suka bautar da shi. Wannan duka daga rubutunsa muka san shi, domin ya bar takardu biyu da ake karantawa har yau. Maganar da ake yi cewa shi ya kori macizai daga tsibirin kuwa tatsuniya ce, dama can babu su. 'Yan'uwanmu na Katolika sun ɗauke shi waliyyin Nijeriya tun 1961, shi ya sa da wuya ka rasa makaranta ko majami'a mai sunansa a manyan garuruwanmu.

A kantunan Belfas na riga na ga shirin bikin: korayen huluna, koren gemun roba, biredi da kek da aka rina kore, har giya an ce ana rina ta. Saboda haka ran Alhamis da safe, jajibere, na tambayi Mama cikin wasa ko koren tuwo za mu ci gobe. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ba a rina abinci a gidan nan. Koren da Allah ya sa a ganye ya ishe mu. Ɗauki kwandon can, mu je lambu."

Lambun bai fi ɗakin aji ɗaya faɗi ba. Lokacin nan ne sanyin hunturu yake janyewa a ƙasarsu, itatuwa suna fara toho, dare da rana sun kusa daidaita. Abin da ya rage a ƙasa shi ne abin da ya jimre sanyi: kabeji, da wani ɗan'uwansa mai murɗaɗɗen ganye, da wata albasa mai kauri kamar rake wadda ba ta yin kai. Daga nan ta sa safar hannu, ta ba ni ɗaya, ta kai ni gindin shinge inda wani haki ya fara tsirowa. Ta ce in tsinki kan kawai, ganye huɗu na sama. Na ga safar nan ɓata lokaci ce, ni da na tashi a gona, na cire ta. Kai! Ko ƙarara albarka. Hannuna ya yi ta zogi har azahar. Wannan hakin ne aka yi mana miya da shi. Ana soya albasa da man shanu, a zuba dankali biyu da romo, in sun nuna a zuba ganyen ya yi minti biyar, a niƙa. Tafasa tana kashe ƙaiƙayin sarai. Miyar ta fito kore kamar ta ɗanyen zogale, ɗanɗanonta kusa da na alayyafo. Mama ta ce a dā, in hunturu ya ƙare, rumbu ya yi ƙasa, wannan ne ganye na fari da talaka yake samu, ba mai sayar masa, ba mai hana shi.

Abincin da ya fi shiga raina shi ne wanda mutanen arewacin ƙasar suke kira champ. Uwayen gida na Filato, ku saurara, gama kayansa duka suna bayan ɗakinku. Ana dafa dankalin Turawa kilo ɗaya da ɓawonsa, a tsiyaye ruwan, a bar tukunyar a bakin wuta kaɗan don ya sha iska, sa'an nan a ɓare. A yanka lawashin albasa damƙi guda ƙanana ƙanana, a zuba cikin madara kofi ɗaya, a ɗora a wuta marar ƙarfi minti uku ko huɗu, kada ta tafasa ta zube. A kirɓa dankalin tun da zafinsa, a zuba madarar da lawashin, a sa gishiri da masoro, a tuƙa. Kowa a tara masa nasa a kwano kamar malmala, a yi rami a tsakiya, a jefa curin man shanu a ciki. Daga gefe ake ci, kowace loma a tsoma ta a ramin. In kabeji aka yanka a ciki maimakon lawashi, sunansa ya zama kolkanon.

Burodinsu na gida ba ya bukatar yis, ba ya bukatar jira. Fulawa ce rabin kilo, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da hodar soda ta gashi ƙaramin cokali ɗaya, da nono tsala wajen kofi ɗaya da rabi. Tsamin nonon ne yake haɗuwa da sodar ya tayar da ƙullun, don haka da zarar an kwaɓa sai wuta. Ba a murza shi da yawa. Mama ta fadaɗa shi kamar faifai, kaurin yatsa biyu, ta yanka huɗu, ta gasa a kan busasshen kaskon ƙarfe da ta barbaɗa wa gari, kowane gefe wajen minti goma. Wanda ba shi da tanderu ma zai iya. Amma kada a ce za a sa kanwa a madadin sodar. Mun gwada a gidana, kaji ne suka ci.

Muna cikin wannan sai maƙwabciyarta ta shigo ba sallama, da ƙunshin ƙyallaye a hammata. Tsohuwa ce ita ma, gajera, mai yawan magana, 'yar Katolika. Mama kuwa 'yar Anglika ce. Da ta ji daga inda na fito sai ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ƙanen mahaifinta firist ne, ya yi karatu a Dromantine kusa da Newry, a wannan gunduma tasu, inda ƙungiyar mishan ta SMA ta horar da ɗaruruwan firistoci domin Afirka daga 1926 zuwa 1972. A arewacin Nijeriya ya yi aikinsa, a can kuma aka binne shi. Ta ce tun tana yarinya ta san sunan Kaduna da Shendam daga bayan ambulan, kafin ta san sunan garuruwan Ingila.

Ita ce ta gaya mini dalilin da ya sa gidajen nan biyu ba sa rina abinci. Na sake kawo zancen koren kek na Belfas, sai fara'arta ta ɗauke. Ta ce kakarta daga yammacin tsibirin ta fito, ita kuma ta ji daga bakin tata kakar cewa a shekarun babbar yunwa ana tsintar gawa a bakin hanya da baki kore, saboda ciyawar da mutum ya ci kafin ya faɗi. "Malam," in ji ta, "wanda aka rene shi da wannan labari ba ya zuba koren rini a tukunya don wasa."

Yunwar nan na san ta a littafi, amma ban taɓa jin ta a bakin mai ita ba. Ta fara a 1845, ba ta sake su ba sai wajen 1852. Kafin ta zo mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, wajen kashi ɗaya cikin uku kuwa ba su da wani abinci sai dankali, iri guda, ana ci safe da rana da dare. Ƙato mai aikin gona yakan ci kilo biyar ko shida a yini. Sai cuta ta faɗa wa dankalin, ganye ya yi baƙi, 'ya'yan suka ruɓe a ƙasa. Manomanmu sun san ta, ita ce dai wadda take ƙone gonaki a Bokkos in ruwa da hazo sun yi yawa. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Abin da ya fi ciwo, a cikin shekarun nan ba a daina fitar da hatsi da shanu daga tashoshin ƙasar zuwa kasuwannin waje ba, masu gonaki kuma suna korar talakawan da suka kasa biyan haya. Har yau, bayan shekara fiye da 170, yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba.

Jikokin waɗanda suka tafi ne suka mai da ranar Patrick babban shagali. A birnin Niyok ana jerin gwano tun 1762, amma bayan yunwar ne taron ya cika ya batse. A Shikago tun 1962 suke rina kogin garin kore kowace shekara. A gida Ailan kuwa ranar sujada ce da cin abinci da iyali. An mai da ita ranar hutu a 1903, akwai ma shekaru masu yawa da doka ta rufe gidajen giya a kudu a wannan rana. Ban ga laifin baƙo a ƙasar wani ba in ya yi kururuwa don a san yana nan. Sai dai abin da na gani a titunan Belfas ya nuna mini kururuwar ta komo gida, 'yan kasuwa da masu giya sun karɓe ta hannu biyu.

Da yamma aka share tebur, aka shimfiɗa aikin da ya kawo maƙwabciyar. Bargo ne na haɗin ƙyallaye. A ƙasar nan rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, to, dogon daren nan ne mata suke cikawa da allura. Mama tana da bargo na kowane lokaci a cikin akwati. Ja da fari yana hawa gado in Kirsimeti ta gabato, kore da fari daga farkon Maris har bayan Ista, mai furanni marar nauyi na watannin ɗumi. Wanda aka shimfiɗa mini a ɗakin baƙi mahaifiyarta ce ta ɗinka shi. Samansa guntayen yadin taguwa ne masu ratsi, irin waɗanda masana'antun taguwa suke sayar wa mata a kan sikeli, tsakiyarsa tsohon bargon ulu, bayansa buhunan fulawa da aka wanke aka shanya har suka yi fari. Da na ɗaga shi a haske na ga inuwar rubutun buhun ba ta gama fita ba. Ƙasar nan ta yi suna a duniya wajen saƙar lilin, Belfas da garuruwan kewaye cike suke da masaƙu a dā, amma matan da suke aikin ragowar da ta faɗi ƙasa ce rabonsu.

Sabon da suke yi, zanensa ana ce masa sarƙar Ailan. Ga yadda yake. Ana yanka ƙyalle murabba'i, inci biyu kowane gefe, ban da bakin ɗinki. A haɗa tara, uku uku, biyar kore huɗu fari, koren a kusurwa huɗu da tsakiya. Wannan gida ɗaya ke nan. Kusa da shi a sa farin yadi zalla mai girmansa, sa'an nan wani gida mai tara, haka har layi ya cika. In ka ja da baya ka duba sai ka ga koren ya zama sarƙa tana ratsa farin a karkace, dama da hagu. Halin malami, sai da na ƙirga. Gida 11 a faɗi, 13 a tsawo, 143 ke nan, 72 daga ciki masu tara ne, wato ƙananan ƙyallaye 648, kore 360. Duka da hannu, da 'yar hular ƙarfe a yatsa. Bayan an gama saman za a ɗaure shi a kan katako huɗu tare da cikin da bayan, a bi shi da ƙananan ɗinki layi layi har ukun su zama ɗaya.

Na ce, "Mama, ai tutar Nijeriya kuke ɗinkawa." Suka yi dariya, Mama ta ce ta lura tun tuni, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Koren ba iri ɗaya ba ne, domin ba a sayi ko ɗaya a kanti ba. Maƙwabciyar ta riƙa ɗora yatsa tana faɗa mini. Wannan taguwar marigayi mijinta ce. Wannan rigar makarantar 'yarta. Wannan labulen ɗakin girki na gidan da suka fara zama. Wancan mai duhu rigar Mama ce ta zuwa sujada. Jikarta ake yi wa, wadda ta gama koyon aikin jinya, za ta tafi Ostareliya bayan Ista. "Har yanzu muna raka 'ya'yanmu bakin jirgi," in ji ta, ba ta ɗaga kai daga allurar ba.

Can sai Mama ta ce da Hausa, a hankali, "Malam, shekara arba'in da suka wuce ba zan shanya wannan bargo a igiyar waje ba." Na tambaye ta dalili. Ta ce a arewacin Ailan launi magana ne. Kore na masu son a haɗe da Jamhuriya ne, yawancinsu 'yan Katolika. Ruwan goro na masu son a zauna da Birtaniya ne, yawancinsu 'yan Furotesta, suna tunawa da Sarki Wiliyam wanda ya ci yaƙin kogin Boyne a 1690. Na riga na ga alamar haka a Belfas, inda ake shafa wa bakin titi fenti don baƙo ya san unguwar da ya shiga, da dogayen katangu da suka raba unguwa da unguwa, suna nan tsaye. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani a kan unguwar da ba a shiga ba.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998 an kashe mutum fiye da 3,500 a rikicin nan. Ba gardamar koyarwar addini ba ce, rigimar ƙasa ce da mulki da aikin yi, amma da sunan ɗarika ake gane wanda za a harba. Ƙasar Downpatrick ma ba ta tsira ba. A watan Afrilu na 1990 nakiya ta kashe sojoji huɗu a bakin garin. A watan Yuni na 1994, a ƙauyen Loughinisland, 'yan bindiga suka harbe mutum shida 'yan Katolika suna kallon ƙwallon cin kofin duniya, gasar nan da Nijeriya ta fara zuwa. Matan nan biyu sun yi shekaru gida yana kallon gida, gaisuwa ta kan shinge kawai. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ran Jumma'a Mai Kyau, 10 ga Afrilu 1998, amma su sai da mazansu suka rasu, shekara ɗaya tsakani, kafin ɗaya ta ƙetare titi da tukunyar miya.

Abin da ya ba ni mamaki, koren ma ba shi ne launin Patrick na asali ba. Shuɗi aka fi danganta shi da shi a dā, har da Sarkin Ingila ya kafa lambar girma da sunansa a 1783 shuɗi aka zaɓa mata. Kore ya yi ƙarfi ne da tawayen 1798, kuma a wannan gunduma yawancin waɗanda suka ɗaga koriyar tuta suka yi yaƙi a Ballynahinch, nan kusa, 'yan Furotesta ne. Mama ta ce ba a koya musu wannan a makaranta ba, sai da ta tsufa ta karanta.

Saura gida ɗaya saman bargon ya cika, na kusurwar ƙasa. Mama ta sa hannu a aljihu ta fito da tsumman matata, ashe ta wanke shi ta goge tun da rana. Ta auna, ta sa almakashi, ta fitar da murabba'i biyar daga inda bai ƙoƙe ba. Na ce, "Haba Mama, tsumma ne fa." Ta ce, "Duka tsumma ne, Malam. Miƙo mini zaren can."

Ran Jumma'a da sassafe Mama ta maƙala mini wani ɗan ganye a ƙirjin kwat, shamrok, ganye uku a kan kara ɗaya, kowane bai kai farcen jariri ba. An ce da shi Patrick ya kwatanta wa mutane Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babu wannan a rubutunsa, sai a 1726 aka fara ganin labarin a littafi, amma ba wanda ya damu. Muka tafi Saul, mil biyu daga gari. Sunan daga kalmarsu ta rumbu ya fito, gama an ce wani basarake ne ya ba Patrick rumbunsa ya yi sujada ta fari a ciki, an kuma ce a nan ya rasu. 'Yar majami'ar da ke wurin ta dutse ce, da doguwar hasumiya, an gina ta don cikar shekara 1,500 da zuwansa, bisa ga lissafin da ya sa zuwan a 432. Bayan Jibin Ubangiji muka taka da ƙafa zuwa babbar majami'ar Down a kan tudu, ana yayyafi, iska tana shiga har ƙashi. Kabarin da ake cewa nasa ne yana gefen majami'ar, wani faffaɗan dutse ne daga duwatsun Mourne da aka ɗora a 1900, da gicciye da sunansa kawai. A nan muka tarar da maƙwabciyar, ta fito daga tasu sujadar, tana jiranmu da laima.

Jerin gwanon garin na yara ne da makaɗa da motocin noma. Mun kalla kaɗan, sanyi ya kore mu.

A gida aka dafa naman alade mai gishiri, aka dafa kabeji a cikin romonsa, minti kaɗan kawai don kada korensa ya mutu, ga champ, ga farar miya da aka yanka wa wani ganye mai ƙanshi. Aka rufe da gasasshen tuffa a cikin ɓawon fulawa, irin koren tuffa mai tsami da ake nomawa a Armagh. Ranar takan faɗo cikin azumin kwana arba'in kafin Ista, amma bisa ga al'ada ana ɗaga azumin domin ta. Maƙwabciyar ta bar shan sukari tun Larabar Toka, ran nan cokali uku na ga ta zuba a shayi, tana kallona ko zan yi magana.

Al'adarsu ce kuma a sa dankalin fari a ƙasa a wannan rana ko kusa da ita. Mama ta jera irin a kwalin ƙwai a bakin taga tun watan jiya, duk sun yi tsiro. Gwiwarta ba ta barinta ta sunkuya, saboda haka ni na yi mata kunya biyu a lambu. Da shebur suke noma, na yi ta neman fartanya a raina. Ta tsaya a kaina tana gyara mini tazara, ni da aka haifa a gonar dankali.

Bayan na komo gida da wata uku sai hoto ya shigo wayata. Bargon ne an gama, a shimfiɗe a kan wani ɗan gado a Ostareliya. Na miƙa wa matata ban ce kome ba. Ta duba, ta ja hoton da yatsa biyu, ta bi sarƙar har kusurwar ƙasa, ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, "Malam, ai da ka faɗa mini, da na ba ka mai kyau."